Tausa Mai Ƙarfi Don Daɗaɗɗen Ciwon Jiki

Manomin da ke yini sunkuye da fartanya, da malamin da ke yini zaune yana rubutu, sukan yi fama da ciwon baya ko na kafaɗa. In ciwon ya wuce wata 3, ana ce masa daɗaɗɗe. Tausa mai ƙarfi tana rage shi, amma sauƙin na ɗan lokaci ne, sai an haɗa da motsa jiki.

Mai tausa yakan shafa man kaɗanya, ya murza sama-sama har naman ya yi ɗumi. Sa'an nan ya danna da babban yatsa ko gwiwar hannu sannu a hankali, yana bin tsoka, ba ƙashi ba. Wurin yakan yi tsami kwana 1 ko 2.

Ba a tausa karaya, ko gyambo, ko mai zazzaɓi. In sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, wataƙila gudan jini ne cikin jijiya. Tausa tana iya ture shi zuwa huhu, mutum ya halaka. Ciwon baya tare da rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari kuwa, aikin likita ne.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, lalle a kai masu irin waɗannan alamu asibiti ba jinkiri.