Shirya Aure a Gida Daga Ƙetare: Nazari a Kan Wakilci a Al'adar Bahaushe

1.0 Gabatarwa

A darussan al'ada an saba kawo matakan auren Bahaushe tamkar saurayi da budurwa da iyayensu duk suna zaune a gari ɗaya. To amma akwai dubban Hausawa da ke zaune a ƙasashen waje, waɗanda idan aure ya tashi sukan so a ɗaura shi a garin iyaye da kakanni. Wannan darasi zai duba yadda ake shirya irin wannan aure, da matsalolin da ke tattare da shi. A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana rukunonin Hausawa mazauna ƙetare;
ii. fayyace matsayin wakilci a auren Bahaushe;
iii. rarrabe matakan da za a iya wakiltawa da waɗanda ba za a iya ba;
iv. tsara darasi a kan wannan batu ga ɗaliban ƙaramar sakandare.

2.0 Su Wane ne Mazauna Ƙetare?

Ana iya kasa Hausawa mazauna ƙetare gida uku. Kashi na farko shi ne zuriyar fatake, waɗanda cinikin goro ya kai kakanninsu Gwanja da ƙasar Asante, suka kafa zanguna a garuruwa irin su Salaga da Kumasi da Ankara a ƙasar Gana ta yau. Kashi na biyu shi ne zuriyar mahajjata da masu hijira da suka yi gabas. Misali, bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, a garin da ake kira da sunansa har yau. Kashi na uku kuwa shi ne ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai da suka fita a wannan zamani zuwa Ingila da Amurka da Malesiya da ƙasashen Larabawa.

Dalilan da ke sa waɗannan mutane neman aure a gida sun haɗa da neman albarkar iyaye, da son 'ya'ya su tashi da harshe da tarbiyyar gida, da kuma raya zumunta. Bahaushe na cewa, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Tarihi ma ya tabbatar da haka. A shekarar 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kafa dokar korar baƙin da ba su da takardun zama, mutane da yawa suka koma Nijeriya da Nijar ba shiri. Wanda ya riƙe dangantaka da gida ya sami masauki, wanda ya yanke ta kuwa ya zama baƙo a ƙasar kakanninsa. Auratayya na daga cikin igiyoyin da ke riƙe wannan dangantaka.

3.0 Wakilci a Auren Bahaushe

Abin da ya sauƙaƙa wannan lamari shi ne, tun asali an gina auren Bahaushe a kan wakilci. Saurayi ba ya zuwa da kansa ya nemi aure wurin mahaifin yarinya, domin yin haka rashin kunya ne. Baffanninsa ko aminan mahaifinsa ne ke zuwa. Shi ma mahaifin yarinya sau da yawa yakan miƙa al'amarin ga wansa ko ƙanensa, ya ce shi ne mai bayarwa. Ranar ɗaurin aure ma wakilin ango ne ke nema, waliyyin amarya ya bayar, alhali amarya na cikin gida.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan Hausawa ke bi, aure na ƙulluwa ne da waliyyi, da sadaki, da sigar nema da bayarwa, da shaidu biyu adilai, tare da kasancewar ma'auratan ba su da wani abin da ya haramta aure tsakaninsu. Halartar ango da jikinsa ba ta cikin waɗannan, muddin ya wakilta wani. Ke nan, nisa ba ya hana aure ƙulluwa. Abin da nisa ke kawowa shi ne ƙarin nauyi a kan wakili, domin shi ne ido da kunne da bakin mai neman aure.

Mai shirya aure daga ƙetare yana buƙatar mutum uku. Na farko shi ne dattijo daga dangin uba, wanda zai jagoranci nema da sa rana da karɓar aure. Ta biyu ita ce mace mai hankali, kamar gwaggo ko yaya, wadda za ta haɗa lefe, ta kuma san abin da al'adar garin ta tanada. Na uku shi ne mai riƙon kuɗi, wanda zai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ya fi dacewa a raba waɗannan ayyuka, domin tara su a hannun mutum ɗaya na jawo zargi, ko da mutumin mai amana ne.

3.1 Bincike

Babu matakin da nisa ya fi raunanawa kamar bincike. A gida, iyayen yarinya sukan tambayi maƙwabta da abokan sana'a game da asalin saurayi da halinsa da addininsa. Wanda ke zaune a Landan ko Jidda kuwa, maƙwabtansa ba sa kusa. Hoto da hira ta WhatsApp ba sa nuna ko mutum yana da wata matar a can, ko yana da takardar zama, ko yana da aikin yi. Saboda haka ya kamata waliyyi ya nemi shaida daga inda saurayin yake zaune, ta hannun limamin masallacinsa, ko sarkin zango, ko shugabannin ƙungiyar Hausawan garin. Sakaci a nan shi ke sa a ɗaura wa yarinya aure ta shekara biyu ko uku a ɗakin mahaifiyarta, ita ba budurwa ba, ita ba matar gida ba.

4.0 Rabe-raben Matakai

Za a iya raba matakan aure gida biyu dangane da buƙatar halartar ango.

(a) Waɗanda wakili ke iya yi: kai kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, baiko, sa rana, biyan sadaki, kai lefe, da karɓar aure.

(b) Waɗanda sai da mai abin: ganin juna da tabbatar da yardar yarinya, gwajin lafiya, sayen baki, da zagayen gaida surukai bayan biki.

Wannan rabo na nuna cewa tafiya biyu ta fi tafiya ɗaya amfani: ta farko domin ganawa da gwaji, ta biyu domin biki. Wanda ya haɗa komai a hutun mako biyu, idan wata matsala ta ɓullo ba shi da damar ja da baya, domin an riga an raba goro da katin gayyata.

5.0 Zaɓen Lokaci

Mai shirya irin wannan aure yana aiki ne da kalanda uku. Akwai ta Musulunci, wadda bukukuwa ke yawaita a cikinta a watannin Rajab da Sha'aban kafin azumi, da kuma bayan salla. Wannan kalanda tana gaban ta Miladiyya da kwana 10 ko 11 a kowace shekara, saboda haka lissafin bara ba ya yi wa bana aiki. Akwai ta noma, domin a karkara an fi yin biki da kaka, bayan amfanin gona ya zo gida. Sai kuma ta wurin aiki ko makaranta, inda a ƙasashen Turai dogon hutu ke faɗowa a watannin Yuli da Agusta, wato tsakiyar damina a ƙasar Hausa, ko kuma ƙarshen Disamba, lokacin da kuɗin jirgi ke tsada. Don haka bai kamata dattawa su sa rana ba sai ango ya tabbatar da hutunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Sha'anin Kuɗi

Shari'a ta sauƙaƙa sadaki. Mafi ƙarancinsa a Malikiyya shi ne rubu'in dinari, wato zinariya mai nauyin giram ɗaya da ɗan ɗoriya, ko dirhami uku na azurfa. Al'ada ce ta ɗora lefe a kan ango, ta ɗora kayan ɗaki da gara a kan iyayen amarya.

A nan ne canjin kuɗi ke shigowa. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin, sai ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Mai samun albashi da dala ko fam ya ga kuɗinsa sun yi auki, amma leshi da shadda da akwatuna da sauran kayan da ake shigowa da su sun bi dala sun tashi a kasuwanni irin su Kantin Kwari ta Kano. Wanda abin ya fi shafa shi ne mahaifin amarya, mai samu da naira. Idan aka kawo masa lefe na kece raini, jama'a za su zuba ido su ga kayan ɗaki da garar da za su yi daidai da shi, sai ya shiga bashi ko ya sayar da gona. Abin takaici, amaryar da za ta bi mijinta ƙetare ba za ta hau jirgi da gado da kujeru ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce gidajen biyu su zauna tun farko su yi yarjejeniya a kan abin da za a rage.

7.0 Doka da Takardu

Aure na iya inganta a shari'a amma ya gamu da cikas a hukumance. Ga wasu misalai:

i. A watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da na ƙanjamau, da ciwon hanta, da rukunin jini na gado. Hikimar na ƙarshen ita ce, idan ma'aurata duka biyu suna da rukunin AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na haihuwar mai amosanin jini.

ii. Auren rajista a ƙarƙashin Dokar Aure ta Nijeriya yana buƙatar sanarwar kwana 21, kuma aure ne na mace ɗaya. Ya wajaba Musulmi ya fahimci wannan kafin ya sa hannu.

iii. A watan Afrilu na 2024 Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake buƙata daga ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin da ke son ɗauko matarsa, daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara.

iv. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta karɓar auren da aka ɗaura ba tare da halartar ma'auratan biyu ba, sai idan sun tare bayan ɗaurin auren.

v. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki wanda aka haifa a waje a matsayin ɗan ƙasa, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne.

8.0 Harshen Neman Aure

Maganar aure tana tafiya ne da sakayawa da ladabi. Ba a cewa "muna son 'yarku", sai dai a ce "mun zo neman iri". Wanda ya tashi a ƙetare yana iya jin Hausar yau da kullum amma wannan salo ya kuɓuce masa. A dubi wannan misali na hira ta waya:

Ɗa: Baffa, barka da yamma. An wuni lafiya? Yaya iyali?
Baffa: Lafiya lau, ɗana. Yaya sanyin ƙasar taku?
Ɗa: Da godiya, Baffa. Dama kan maganar nan ce da Inna ta yi maka. Duk yadda kuka yanke, daidai ne.
Baffa: Madalla. Mun je mun gaisa da mutanen, sun karɓe mu hannu bibbiyu. Sai dai ka sanar da ni lokacin hutunka kafin mu koma.
Ɗa: To, Baffa. Allah ya ƙara girma.

A lura cewa ɗan bai ambaci kalmar aure ko sunan yarinya ba, ya ce "maganar nan". Wannan ita ce kunya a harshe. Haka kuma, bikin zamani ya shigo da kalmomin aro, kamar dina da fati daga Ingilishi, da ashobi daga Yarbanci, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da kamu da sa lalle da buɗar kai.

9.0 Dabarun Koyarwa

Malami zai iya raba aji gida uku: dangin ango, dangin amarya, da ango a ƙetare. Sai ɗalibai su kwaikwayi zaman sa rana, inda za a daidaita kalandun nan uku. Daga nan su rubuta wasiƙa daga ɗa zuwa baffansa, a auna gaisuwa da sakayawa da ƙa'idojin rubutu. Ya kamata malami ya kula kada ya kushe al'adar wani gari, domin abin da ake yi a Katsina ya sha bamban da na Zariya ko Damagaram.

10.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa wakilci, wanda kunya ta haifar a al'ada kuma shari'a ta amince da shi, shi ne ya ba mazaunin ƙetare damar yin aure a gida. An kuma ga cewa bincike da gwajin lafiya da takardu su ne wuraren da aka fi yin tuntuɓe, kuma yarinya da iyayenta ne suka fi cutuwa idan aka yi sakaci.

Tambayoyi

1. Kawo rukunoni uku na Hausawa mazauna ƙetare tare da misalin gari ko ƙasa ga kowanne.
2. "Nisa ba ya hana aure ƙulluwa." Tattauna.
3. Ta yaya babban lefe ke zama nauyi ga iyayen amarya?
4. Fito da kalmomin girmamawa da na sakayawa daga hirar da ke 8.0.
5. Tsara darasi na minti 40 a kan wannan batu ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.