Kada Ku Fita Ba Sallama

'Ya'yana da jikokina na Keana, da na Giza da Kadarko da Aloshi, da ku da neman abinci ya kai Lafiya ko Mararaba, ina so mu yi magana a kan zaurukan nan naku na waya, inda son waƙa ya tara ku. Akwai na masoyan Nura M. Inuwa, akwai na Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, akwai kuma na masu bibiyar mazan jiya, su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos. Ba hana ku na zo yi ba. Mu ma a zamaninmu rediyo ɗaya muke kewayewa da dare, kuma a nan muka ƙulla abotar da har yau muke cin moriyarta.

Waƙa ce ta tara ku, amma ba ita ke riƙe da ku ba. Abin da ke riƙe da ku shi ne 'yan labaran da ke ratsawa tsakanin waƙa da waƙa. Wannan ya ce an yi ruwa jiya, ya samu ya shuka riɗi. Waccan ta ce ta gama jarrabawa a jami'ar Keffi. Wani babur ɗinsa ya mace a hanyar Obi, wani matarsa ta sauka lafiya, wani kuma kwana biyu ba wuta, sai da ya kai waya wurin mai caji. Ina jin wasu shugabannin zaure na tsawatarwa, wai nan wurin waƙa ne, ba wurin hira ba. Ku sassauta, don Allah. Idan ɗan'uwanku ya rubuta cewa yau ba ya jin daɗin jikinsa, kada ku bari waƙoƙi su binne maganarsa. Ku tsaya ku ce masa sannu. Gobe a samu wanda zai kira shi, ya ji muryarsa, ya tambaya ko ya je asibiti.

Ku riƙa lura da shiru kuma. Wanda kullum shi ke fara gaida jama'a da asuba, aka wayi gari mako ya zagayo ba a ji ɗuriyarsa ba, ba lallai ne data ce ta ƙare masa ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma Keana ba ta yi girman da za a kasa gano gidan mutum ba.

Babbar maganata a kan tafiya ce. Ba wanda zai dawwama a zaure ɗaya. Bautar ƙasa za ta ɗauki wani, aure zai ɗauki wata zuwa Doma ko Awe, wani kuma zai ga karatu ko ibada sun fi buƙatar lokacinsa, kuma wannan ba laifi ba ne. Tun shekarar 2022 WhatsApp ya ba mutum damar ficewa daga zaure ba tare da an sanar da kowa ba sai shugabanni. Sauƙi ne, amma ba tarbiyyarmu ba ce. Mutanen da suka taya ka murna ranar suna, suka yi maka karo-karo lokacin da mahaifiyarka ke kwance, sun cancanci ka ce musu: jama'a, zan tafi, ga dalilina, wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni ma na yafe. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Idan akwai kuɗin adashe ko bashin wani a hannunka, ka sauke kafin ka fita. Idan kai ne shugaba, ka damƙa ragamar ga wanda jama'a suka yarda da shi. Kada kuma ka yi sallama cikin fushi da tsakar dare. Ka kwana da maganar tukuna. Ku da kuka rage, kada ku bi shi da gori ko ku ce ya yi girman kai. Ku yi masa addu'a, ku bar masa ƙofa a buɗe.

Sannan waƙoƙin da ka tara, musamman tsofaffi, kada su tafi tare da kai. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma muna jin su yau ne saboda wasu sun adana faifai da kaset, sun miƙa wa na baya. Waƙoƙin Alago da iyayenku ke yi a biki, da kiɗan da ake yi lokacin Oyarore, bikin gishirinmu, ba su samu irin wannan gatan ba. Wanda ya ɗauki wani abu daga ciki da izinin masu shi, ya raba wa mutum biyu ko uku. Waya na faɗawa ruwa, kuma manhaja ma na mutuwa: da aka rufe BBM a 2019, zauruka da yawa sun watse da duk abin da ke cikinsu.

Akwai tafiyar da ba a samun damar yin sallama. Idan ɗayanku ya rasu, kada ku yi rige-rigen sanarwa kafin iyayensa su ji daga bakin da ya dace, kuma kada ku yaɗa hoton gawa. Ku dakatar da tura waƙa na 'yan kwanaki. Musulmi ne ko Kirista, Alago ne ko Tibi ko Bafulatani, waɗanda ke kusa su taka su je gaisuwa a madadin sauran. Ku sani kuma kamfanonin waya na sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, don haka bayan an yi shawara da danginsa, a cire lambarsa daga zauren kafin baƙo ya gaje ta. Saƙonnin muryarsa da hotunansa na alheri kuwa, a tattara su a katin waya a kai wa iyalinsa.