Darasi Na 14: Wanda Alƙali Ya Yi Wa Iyaka

Kun san akwai mutanen da suke zaune cikin tsoro a gidajensu. Wata mace mijinta yana dukanta kullum. Wata kuwa aure ya mutu, amma tsohon mijin yana binta yana cewa sai ya kashe ta. A ƙasashe da yawa irin wannan mace tana iya kai ƙara. In alƙali ya ga tsoron nata gaskiya ne, sai ya yi wa mutumin iyaka da ita, ya rubuta a takarda. Takardar tana cewa kada ya je gidanta, kada ya tare ta a hanya, kada ya aika mata da barazana. Sunanta takardar kariya.

To, in mutum ya ƙetare iyakar nan har ya yi kisa fa? A Amurka kowace jiha tana da nata dokokin, kuma waɗansu jihohi sun ƙara wa irin wannan kisa nauyin hukunci. A jihar Washinton, wanda ya shirya kisa da gangan ba a ɗaure shi ƙasa da shekara 20. Amma in akwai takardar kariya tsakaninsa da wanda ya kashe, kuma ya san da ita, to, ɗaurin rai da rai ke nan, babu fita. A jihohin Kentaki da Fansilbaniya, ƙetare takardar yana cikin abubuwan da kotu take dubawa in za ta yanke hukunci mafi tsanani. Gwamnatin tarayyarsu ma ta yi doka a 1994. Wanda ya tsallaka daga wata jiha zuwa wata don ya karya takardar, har rai ya salwanta, ana iya ɗaure shi muddin ransa.

Me ya sa aka ƙara nauyin? Na ɗaya, an riga an yi wa mai laifin kashedi, ba zai ce bai sani ba. Na biyu, laifinsa biyu ne, watau ya kashe rai, ya kuma raina alƙali. Na uku, wadda aka kashe ta bi hanyar shari'a, ta ba hukuma amanar ranta.

Amma fa hukunci, komai nauyinsa, bayan mutuwa yake zuwa. Ga abin da ya faru a garin Kasul Rok na jihar Kolorado a 1999. Wata mace tana da takardar kariya a kan mijinta da suka rabu. Ran nan da yamma ya kwashe 'ya'yansu mata uku ba da saninta ba. Ta yi ta kiran 'yan sanda, suna cewa ta dakata. Can cikin dare ya zo ofishinsu yana harbi, suka harbe shi. Aka tarar da gawar yaran uku a cikin motarsa. Matar ta yi ƙarar hukumar garin, amma a 2005 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce ba ta da ikon neman diyya ta wannan hanya.

Kun ga ashe takarda ba ta tare ƙofa. Mutane ne suke tarewa. Ranar da aka fara ƙetare iyaka, ranar ya kamata a tashi tsaye, tun ran gini tun ran zane.

Mu ma a Nijeriya an yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015. Ta fara aiki a Abuja, daga baya jihohi da yawa suka yi tasu. A cikinta akwai takardar kariya. Wanda ya karya ta ana iya cin sa tara har naira 300,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu.

Saboda haka in alƙali ya ba 'yarku ko ƙanwarku irin wannan takarda, ku karanta mata, ku adana ta. Ku sanar da mai unguwa da maƙwabta. In mutumin ya zo ƙofar gida ko da sau ɗaya ne, ku rubuta rana da lokaci, ku kai wa 'yan sanda da kotu nan da nan. Kada ku ce sha'anin miji da mata ne. Ga amfanin karatu da rubutun da kuke koyo.

Tambayoyi
1. Mece ce takardar kariya?
2. Faɗi dalilai uku na ƙara nauyin hukuncin.
3. Me ya kamata 'yan sandan Kasul Rok su yi da matar ta kira su?

Aikin rubutu
Rubuta wannan a littafinka sau uku: Rigakafi ya fi magani.