DARASIN KIWON LAFIYA: CIWON FATA MAI ƁAMƁAROKI

Darasinmu na wannan wata a kan wani ciwon fata ne. Likitoci suna kiransa soriyasis. A ƙauye wasu kan ce kirci ne. Wasu su ce makero ne. Wasu ma su ɗauka kuturta ce. Mu a nan za mu kira shi ciwon ɓamɓaroki, domin ɓamɓaroki ita ce babbar alamarsa.

A karanta a hankali. Wanda ya gama, ya karanta wa mutanen gidansa.

MU FARA DA MISALI

A ce ga wani manomi. Wata shekara da hunturu ya ga tabo a gwiwar hannunsa. Tabon ya yi kauri, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Yana ƙaiƙayi. Sai ya ce sanyi ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Ya fito a gwiwar ƙafa, ya fito a ka. Manomi ya fara jin kunya. Ya koma sa riga mai dogon hannu ko da ana zafi. Ran kasuwa ya sayi wani man shafawa. Ya shafa, ciwo ya kwanta. Da man ya ƙare, ciwo ya dawo ya fi na da. Wani ya ce sammu ne. Aka kai shi aka yi masa tsaga. Bayan kwanaki, duk inda aska ta bi, sabon tabo ya fito.

Abokansa suka daina cin tuwo da shi a kwano ɗaya. Ya rage zuwa dandali. Haka ya yi shekara 3 bai je asibiti ba.

Wata rana fatar ƙwaurinsa ta tsage. Bai kula ba, ya shiga fadama yana ban ruwa. Kwana 3 ƙafa ta kumbura, ta ɗau zafi, ta fara fitar da mugunya. Zazzaɓi ya rufe shi. Sai ƙanensa ya ɗauko shi a babur zuwa babban asibiti. Aka ba shi gado. Ya tsira da ƙafarsa, amma dashen albasa ya wuce shi, kuma an sayar da akuya 2.

Da ya je asibiti tun tabon farko, da duk wannan bai faru ba.

MENE NE WANNAN CIWO?

Fatar mutum kullum tana sabuntawa. Sabuwa tana tasowa daga ƙasa, tsohuwa tana zubewa ba mu sani ba. A jikin mai lafiya, wannan aiki yakan ɗauki kamar kwana 28 zuwa 30. A jikin mai wannan ciwo kuwa, sabuwar fata takan taso cikin 'yan kwanaki, ƙasa da mako guda. Tsohuwa ba ta zube ba, sabuwa ta zo. Sai su taru, su yi kauri, su yi ɓawo.

Abin da ke jawo haka shi ne garkuwar jiki. Aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta. Amma a nan sai ta yi kuskure, ta tayar wa fatar mai ita. Ciwon yakan bi jini a wasu gidaje. Yana kama maza da mata, yara da manya.

Ba ciwon ƙauye ba ne, ba na talaka kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kansa a shekarar 2016. Rahoton ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da shi a duniya. Har rana aka ware masa, 29 ga watan Oktoba na kowace shekara.

A riƙe wannan da kyau: ba a ɗaukar wannan ciwo. Ba a ɗaukarsa ta gaisuwa, ko cin abinci tare, ko kwanciyar aure. Ba ƙazanta ke kawo shi ba. Ba sammu ba ne. Saboda haka babu dalilin gudun mai shi.

YADDA AKE GANE SHI

1. Tabo mai kauri, mai iyaka a fili. A baƙar fata yakan yi duhu ko ruwan toka, da farin ɓawo a sama.
2. Ya fi son gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ƙugu da fatar kai. Sau da yawa yakan fito dama da hagu.
3. Idan an kankare ɓawon, jini yakan tsattsafo ɗigo-ɗigo.
4. Farce yakan yi ƙananan ramuka, ko ya yi kauri, ko ya ɗago daga nama.
5. Yakan kwanta, ya sake tashi.

Wasu masu ciwon, kamar mutum 1 cikin 3, sukan samu ciwon gaɓoɓi. Yatsa ya kumbura, ko gaɓoɓi su sandare da safe. Idan aka ƙyale, gaɓa tana iya lalacewa har abada.

Ga bambancinsa da wasu cututtuka. Tabon kuturta yakan yi haske, kuma yakan mutu. Idan mutum ya rufe ido aka taɓa wurin da auduga, ba zai ji ba. Kuturta tana warkewa, kuma maganinta kyauta ne. Makero yakan yi zobe, ana kuma ɗaukarsa. Ƙazuwa ta fi ƙaiƙayi da dare, ta fi son tsakanin yatsu, kuma takan kama gida duka. Kowanne da maganinsa. Shi ya sa ba a sayen magani da ka. Sai ma'aikacin lafiya ya duba.

ABUBUWAN DA KE TAYAR DA SHI

Sanyi da bushewar hunturu. Damuwa da yawan tunani. Ciwon maƙogwaro, musamman ga yara da matasa. Shan taba da giya. Rauni a fata, kamar susa, tsaga, sakiya ko ƙaho. Wannan shi ne abin da ya sami manomin nan. Wasu magunguna ma suna tayar da shi, kamar kulorokwin. Saboda haka duk lokacin da za a ba ka magani, ka faɗa cewa kana da wannan ciwo.

IDAN BANGO YA TSAGE

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Tana tare ƙwayoyin cuta. Tana riƙe ruwan jiki. Tana daidaita zafi da sanyi. Idan ciwon ɓamɓaroki ya daɗe babu magani, fata takan bushe ta tsage. Susa kuma takan ƙara buɗe ta. Daga nan ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa.

Yanzu ciwo ya zama biyu ke nan. Na farko yana tafiya a hankali. Na biyu kuwa sauri gare shi. Yana iya shiga nama, daga nama ya shiga jini. Idan ya shiga jini, yana iya kisa cikin 'yan kwanaki.

Ga alamun cewa ƙwayoyin cuta sun shiga:

1. Wurin ya kumbura, ya yi zafi idan an taɓa.
2. Ƙaiƙayi ya koma zogi.
3. Mugunya ko ruwa yana fita, ko wari.
4. Ɓawon ya koma rawaya kamar busasshiyar zuma.
5. Kumburin yana faɗaɗa kullum.
6. Kaluluwa ta fito a hammata ko matsematsi.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya je wurin ma'aikacin lafiya a ranar. Kada ya ce sai ran kasuwa.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. Ko da tsakar dare ne, a nemi abin hawa zuwa babban asibiti:

1. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari.
2. Ciwon ya rufe kusan dukan jiki, fata tana saɓewa.
3. Ƙananan ƙuraje masu mugunya sun feso a jiki da yawa.
4. Mara lafiya ya galabaita, ko yana sambatu, ko numfashinsa ya yi sauri.
5. Fitsari ya ragu ƙwarai.

A kan hanya a lulluɓe shi da zane mai tsabta. Idan yana iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwa. A ƙara kula idan mara lafiya yaro ne, ko tsoho, ko mai ciki, ko mai ciwon suga.

ABIN DA BA A YI

Kada a zuba toka, ko kanwa, ko kananzir, ko baƙin mai, ko kashin shanu a kan ciwon. Suna ƙona fata, wasu kuma ƙwayoyin cuta suke ƙarawa. Kada a fasa kafso a barbaɗa. Kada a yi tsaga ko sakiya. Kada a goge ɓawon da dutse ko soso mai kaushi.

Sai kuma babban tarko. Akwai wani sinadari da ake kira sitiroyid. Yana cikin mayukan shafawa da yawa na kasuwa, har da wasu mayukan bilicin. Akwai shi a ƙwaya, akwai a allura. Tun da yanzu kun iya karatu, ku duba jikin kwali. Ga yadda ake rubuta sunayen wasu: clobetasol, betamethasone, dexamethasone, prednisolone.

Sitiroyid yana kwantar da ciwon da sauri, shi ya sa mutane ke sonsa. Amma idan aka daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri ta riƙa tsagewa. Yana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta su yi ta yaɗuwa. Ƙwaya da allura sun fi haɗari. Idan aka daina su farat ɗaya, ciwon yana iya tashi ya rufe jiki duka. Likita ma yakan ba da man sitiroyid, amma da awo: wane iri, a wane wuri, kwana nawa. Wanda ya riga ya daɗe yana shan ƙwayar, kada ya daina da kansa. Ya je likita ya rage masa a hankali.

ZUWA ASIBITI

A fara da asibitin da ya fi kusa. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa babban asibiti. Akwai likitoci da suka ƙware a kan fata kaɗai. Ana samunsu a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Kafin ka tafi, ka tattara kwalaye da kwalaben duk maganin da ka yi amfani da shi. Ka tafi da su. Kada ka ɓoye na gargajiya. Ka faɗa wa likita:

1. Yaushe ciwon ya fara.
2. Ko akwai mai irinsa a dangi.
3. Ko gaɓoɓi suna ciwo.
4. Ko akwai ciki, ko ana shayarwa.

Kada kunya ta hana ka nuna duk inda ciwon yake. Mace tana iya neman ma'aikaciya mace ta duba ta, ko ta shiga da 'yar'uwarta.

Likita yana iya kankarar ɓawo kaɗan, ko ya ɗebi jini don gwaji. Yana iya auna suga da hawan jini, domin masu wannan ciwo sun fi saurin kamuwa da su. Yana iya neman gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin ita ma takan tsananta ciwon. Wannan ba zargi ba ne. Neman bakin zaren ne.

Idan ƙwayoyin cuta sun shiga, za a fara da kashe su. A shanye maganin duka kamar yadda aka ce, ko da an ji sauƙi. Bayan haka sai a juyo kan ciwon ɓamɓaroki. Mai sauƙi, man shafawa ya ishe shi. Mai tsanani, akwai ƙwayoyi da allurai na musamman. Akwai wata ƙwaya mai suna metotirezet. Sau ɗaya ake shanta a mako, ba kullum ba. Wanda ya sha kullum zai iya mutuwa. Mai ciki ba ta shanta sam. Mai shanta kuma sai ana yi masa gwajin jini lokaci-lokaci.

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta. Har yanzu babu maganin da ke tumɓuke wannan ciwo gaba ɗaya. Duk wanda ya ce zai raba ka da shi cikin mako guda, kuɗinka yake so. Amma magani yana kwantar da shi sosai. Fata ta yi sumul, mutum ya yi nomansa, ya yi aurensa, ya shiga jama'a. Kamar hawan jini ne: ana zama da shi lafiya idan ana kula.

KULAWA A GIDA

A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ƙwarai ba. A guji sabulun wanki. Da an fito wanka, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai bushe ba. Da hunturu a shafa safe da dare. A yanke farce. Idan ƙaiƙayi ya taso, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. A sa tufafin auduga marasa matse jiki. Idan fata ta tsage, a wanke, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a shiga ruwan fadama ko turken dabbobi da ita.

Mutanen gida su ma suna da aiki. Ku ci abinci tare da shi. Ku gaisa da shi. Ku raka shi asibiti. Damuwa tana tayar da ciwon, kulawa tana kwantar da shi.

SABABBIN KALMOMI

Soriyasis. Garkuwar jiki. Ƙwayoyin cuta. Sitiroyid. A rubuta kowace sau 3.

TAMBAYOYI

1. Ana ɗaukar ciwon ɓamɓaroki ta cin abinci tare?
2. Ta yaya za a bambanta shi da kuturta?
3. Rubuta alamu 4 da ke nuna ƙwayoyin cuta sun shiga fata.
4. Me ya sa ba a sayen man shafawa da ka?
5. Da kai ne ƙanen manomin nan, wace shawara za ka ba shi tun shekarar farko?

A tattauna amsoshin a aji. Idan kun san mai irin wannan ciwo da ke ɓuya a ɗaki, ku kai masa wannan jarida, ku karanta tare. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun sadu a wata mai zuwa.