Darasi A Kan Lafiyar Masu Kai Ɗauki: Sabo Da Haɗari Da Kwanciyar Hankali

GABATARWA

An shirya wannan darasi ne domin ma'aikatan da aikinsu shi ne su ruga zuwa inda jama'a ke gudu daga gare shi, watau 'yan kwana-kwana, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da direbobi da ma'aikatan jinya na motocin asibiti, da 'yan sanda, da jami'an hukumomin ba da agajin gaggawa, da kuma 'yan agaji na sa kai. Har wa yau an shirya shi domin iyalansu da shugabanninsu da maƙwabtansu. Manufarsa ita ce a fahimtar da jama'a cewa ƙarfin nan da ke zuwa wa mutum a lokacin haɗari, wanda da shi ake ceton rayuka, yana iya zame wa mai shi abin sabo, har ya hana shi jin daɗin zaman gida, ya kuma jefa shi cikin kasada marar dalili. Wanda ya san haka zai iya kiyaye kansa, ya kuma kiyaye ɗan'uwansa.

NAUYIN DA KE KANSU A JIHAR NEJA

Ba sai an je nesa ba kafin a ga irin abin da waɗannan bayin Allah suke gani da idanunsu. Ran 8 ga Satumba, 1,024 bayan dubu ɗaya, watau shekarar 2024, wata tankar mai ta yi karo da motar ɗaukar mutane da shanu a yankin Agaie, wuta ta tashi, aƙalla mutum 48 suka riga mu gidan gaskiya. Ran 18 ga Janairu, 2025, wata tankar ta faɗi ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, a Ƙaramar Hukumar Gurara, fiye da mutum 80 suka halaka. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekara ta 2025 kuma ambaliya ta auka wa garin Mokwa, aka tsamo gawa fiye da 150.

A duk waɗannan wurare akwai mutanen da suka kashe wuta, suka ɗauki masu rauni, suka tono gawarwaki daga laka, suka haƙa kaburbura. Da aiki ya ƙare sai kowa ya koma gidansa. Waɗansunsu mazauna Minna ne, a unguwanni irin su Fadikpe da Kpakungu da Bosso da Tunga. Bugu da ƙari, in gobara ta tashi a Fadikpe, ko mota ta kaɗe mai babur, samarin unguwa ne ke fara isa da bokitai da hannuwansu kafin motar hukuma ta ƙaraso. Saboda haka su ma wannan darasi ya shafe su.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIKI

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta wadda nauyinta bai wuce giram 5 ba. Da zarar ido ya ga haɗari, ko kunne ya ji jiniya, sai ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa ga waɗannan halittu biyu, su kuwa sai su zuba wani sinadari cikin jini wanda likitoci ke kira adiranalin. Wani masani Bajafane mai suna Jokichi Takamine shi ya tace wannan sinadari a shekarar 1901. A 1915 kuma Walter Cannon na ƙasar Amurka ya bayyana yadda yake shirya jiki domin ɗaya daga cikin abu biyu: ko a tsaya a yi faɗa, ko a gudu.

Cikin daƙiƙoƙi kaɗan zuciya za ta ƙara bugawa, hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta saki sukari cikin jini, jinin kuma ya bar ciki da fata ya tafi ga tsokar hannu da ƙafa. Baki yakan bushe, ido ya buɗe, zafin ciwo ya ragu. Shi ya sa ɗan kwana-kwana yakan ɗauki nauyin da ba ya iya ɗauka a sauran lokatai, ko ya ƙone a hannu bai sani ba sai bayan wuta ta mutu.

Adiranalin ba ya daɗewa. Cikin minti 2 zuwa 3 rabinsa ya bar jini. Amma akwai wani sinadarin mai suna kotizol da ke biyo bayansa, shi kuwa yakan yi sa'o'i yana aiki. Sa'ad da duka biyu suka sauka, sai gajiya ta rufe mutum, gaɓoɓi su mutu, wani har rawar jiki yake yi. Wannan duka halitta ce, ba alamar tsoro ko ragwanci ba ce.

YADDA SABO YAKE ZAMA ƘISHIRWA

In aka ceci rai, daɗin da mai ceton yake ji ba ya misaltuwa. Jama'a na sa masa albarka, abokan aiki na jinjina masa, ƙwaƙwalwa kuma tana sakin wani sinadarin mai suna dofamin, wanda aikinsa shi ne ya koya wa mutum ya sake neman abin da ya faranta masa rai. In haka ta yi ta faruwa shekara da shekaru, sai jiki ya saba da hawa can sama da faɗowa can ƙasa. Hausawa dai sun ce sabo turken wawa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Kevin Gilmartin, wanda ya daɗe yana aiki da 'yan sanda, ya bayyana wannan hali a littafin da ya wallafa a 2002. A bakin aiki mutum yana cike da kuzari da raha da saurin yanke shawara. Da ya koma gida sai ya zama kamar an zare masa laka, ba ya son magana, ba ya son a tambaye shi kome. A ƙiyasinsa jiki yana bukatar sa'a 18 zuwa 24 kafin ya daidaita, alhali kuwa kafin nan lokacin komawa aiki ya yi. Ta haka a hankali sai ma'aikaci ya riƙa jin cewa a wurin haɗari ne kaɗai yake da rai, gida kuwa ya zame masa wurin gundura.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, likitoci ba su lissafa wannan ƙishirwa a matsayin cuta mai zaman kanta ba. Hali ne da ake gani, wanda ke iya kai wa ga cuta in an ƙyale shi. Na biyu, mutane sun bambanta. Tun cikin shekarun 1960 Marvin Zuckerman ya nuna cewa waɗansu an halicce su da son sabon abu da kasada fiye da waɗansu. Irin wannan hali ba aibi ba ne, yana ma taimakon aikin, muddin horo da dokokin aiki suna riƙe da linzaminsa.

Akwai kuma wata lalura dabam wadda sau da yawa take tafiya tare da wannan, watau ciwon firgici bayan bala'i, wanda likitocin ƙwaƙwalwa suka ba suna a hukumance a 1980. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na masu aikin ceto suna fama da shi, ma'aikatan motocin asibiti kuwa su suka fi yawa. Wani lokaci mai wannan ciwo yakan nemi ƙarin aiki ne domin kada ya zauna shiru hotunan abin da ya gani su dawo masa.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

1. Ƙosawa da rashin sukuni in aka kwana biyu ba a yi kira ba, har mutum ya riƙa fatan wani abu ya faru.
2. Barin kayan kariya, kamar hular kwano da safar hannu, da kutsawa cikin wuta ko ruwa ba da umurnin shugaba ba.
3. Gudun wuce sa'a da mota ko babur ko da ba a bakin aiki ba, da caca, da neman faɗa.
4. Saurin fushi da mata da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko yin shiru da janye jiki daga biki da suna da zumunci.
5. Rashin barci, da munanan mafarkai, da zabura in an ji ƙara ko warin fetur ko ƙauri.
6. Dogara ga taba ko barasa ko ƙwayoyi irin su tiramadol domin a samu kuzari ko barci.
7. Ƙin karɓar hutu, da jin cewa in ba shi aiki ba zai yiwu ba.

Yawancin mutane sukan ji waɗansu daga cikin waɗannan a kwanakin farko bayan babban haɗari, sa'an nan su wuce da kansu. In sun haura wata guda, ko suna ƙaruwa, to lokacin ganin likita ya yi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga ma'aikaci: Ka ɗauki barci a matsayin wani ɓangare na aikinka, baligi yana bukatar aƙalla sa'a 7. In ka tashi daga aiki, ka yi wanka, ka sauya tufafi, ka ɗan taka da ƙafa ko ka motsa jiki na rabin sa'a kafin ka zauna cikin iyali. In zuciya ta ƙi kwanciya, ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, har sau goma. Ka riƙe wani abin yi wanda ba ruwansa da jiniya, ko noma, ko kiwo, ko ƙwallo, ko karatu. Ka kuma riƙe abokai waɗanda ba abokan aiki ba.

Ga iyali: Uwargida ko maigida, shirun da abokin zamanku yake yi ba lalle ƙiyayya ba ce. Ku ba shi ɗan lokaci ya huce in ya shigo, sa'an nan ku jawo shi cikin hira da cin abinci tare. Kada ku tilasta masa ba da labarin abin da ya gani, amma in ya fara ku saurara. Wannan haƙuri bai haɗa da duka ko zagi ba. In abin ya kai haka, a sanar da magabata, a nemi taimako nan da nan.

Ga shugabannin aiki: Wajibi ne a tsara aiki bi da bi, a tabbatar kowa ya ɗauki hutunsa. Wanda ya yi aikin kwasar gawa yau, a ba shi aiki mai sauƙi gobe. A yaba wa wanda ya bi doka ya dawo da mutanensa lafiya, kada a mai da mai ganganci gwarzo, gama ƙananan ma'aikata abin da aka yaba shi suke koyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a tara mutane a zama guda a sa kowa ya fayyace abin da ya gani dole. A littafin jagora da ta fitar a 2011 ta koyar da matakai uku: a duba halin da mutum yake ciki, a saurare shi, a haɗa shi da inda zai sami taimako.

Ga jama'ar unguwa: Masu unguwanni da limamai da fastoci su riƙa leƙa samarin da suka yi aikin ceto, su tambayi lafiyarsu bayan mako ɗaya, da kuma bayan wata ɗaya. A daina yi wa wanda ya yi kuka dariya. A daina kuma nuna wa ma'aikata hotunan gawarwaki a waya ana neman ƙarin bayani.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

Mazaunin Fadikpe ko wata unguwa a Minna yana iya fara zuwa Babban Asibitin Minna ya gaya wa likita damuwarsa ba tare da ɓoye kome ba. In da bukata za a tura shi wurin ƙwararru, alal misali Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ciwon firgici yana jin magani, yawanci ta hanyar zama da ƙwararre a yi ta tattaunawa bisa tsari, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Wanda ya fara maganar ya gaji da duniya, ko yana tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.

A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana nuna bambanci ga mai irin wannan lalura. Saboda haka kada tsoron gori ya hana kowa zuwa asibiti. Ƙasa tana bukatar waɗannan ma'aikata da ransu da lafiyarsu, 'ya'yansu kuwa sun fi kowa bukatarsu. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Daga ina adiranalin yake fitowa, kuma mene ne aikinsa a jiki?
2. Me ya sa waɗansu ma'aikata suke da kuzari a bakin aiki, amma su yi sanyi a gida?
3. Kawo alamomi huɗu da ke nuna cewa abokin aikinka yana bukatar taimako.
4. Wane tsari za ku yi a ofishinku ko unguwarku domin kula da waɗanda suka dawo daga wurin babban haɗari?