Jinyar Rage Raɗaɗi a Zamanin Annoba: Yadda Ma'aikatan Jinya na Ƙasashe Suka Haɗa Kai

Akwai wani fanni na aikin asibiti wanda jama'a da yawa ba su san da shi ba, wato jinyar rage raɗaɗi. Ana yin ta ne ga majinyacin da cutarsa ta yi tsanani, ko wadda ba a sa ran warkewarta, domin a kawar masa da zafin ciwo da firgita, a kuma kwantar da hankalin iyalinsa. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ita ce ta kafa harsashin wannan fanni da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967.

A ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta zama annobar da ta game duniya. Asibitoci suka hana dangi shiga ɗakunan majinyata, sai ya zamana ma'aikaciyar jinya ce kaɗai ke tsaye a kan mutum a lokacin da numfashi ya sarƙe masa. Da yake tafiye-tafiye sun tsaya, ƙungiyoyin wannan fanni na duniya suka koma yin taro da darussa ta intanet. A nan aka yi ta musayar dabaru: yadda mofin ɗan kaɗan yake sassauta haki, yadda ake sanar da iyali mummunan labari ta wayar tarho, da yadda ake kara wa majinyaci waya a kunne ya yi ban kwana da nasa.

Kada a ɗauka cewa ilimin daga Turai kawai ya gangaro. Tun 2004 ƙasar Yuganda ta halatta wa ma'aikatan jinya masu horo na musamman su rubuta wa majinyaci mofin na sha ba sai an jira likita ba. Wannan tsari ya dace ƙwarai da lokacin da likitoci suka yi ƙaranci, kuma a Kamfala, babban birnin ƙasar, hedkwatar Ƙungiyar Jinyar Rage Raɗaɗi ta Afirka take.

A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan yana da sashe na musamman domin wannan aiki tun 2007. Duk wanda ke jinyar mai ciwo mai tsanani yana iya tambayar likita ko ma'aikaciyar jinya game da maganin rage raɗaɗi. Ba a shan mofin sai da umarnin asibiti.