Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jarrabawar Lissafi

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san cewa a cikin darussan da muke yi babu wanda yake kaɗa hantar yara kamar lissafi. Amma tsoronsa ba ya kawar da shi. Galibin fannonin jami'a suna bukatar ɗalibi ya sami kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. A ma'aunin hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, kiredit yana farawa daga A1 ne ya tsaya a C6. Wanda ya sami D7 ko E8 ya haye da ƙyar, amma bai sami kiredit ba, kuma sau da yawa sai ya sake zama wata shekara. Don haka na ga ya kamata mu ɗauki waɗansu tambayoyi irin na jarrabawa mu warware su tare, mu ga inda ramukan suke.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne yadda ake ba da maki. A takardar da ake rubuta aiki dalla-dalla, mai duba takarda yana ba da maki a kan hanyar da aka bi, sa'an nan ya ba da na amsa. Wanda ya rubuta amsa tsirara ya zubar da makin hanya. Wanda kuwa ya nuna aikinsa layi bayan layi, ko da ya yi tuntuɓe a ƙarshe, ba zai tashi hannu rabbana ba.

Tambaya ta farko: Wani ɗan kasuwa ya sayar da buhun gero a kan naira 46,000, ya ci ribar kashi 15 cikin ɗari. Nawa ya sayo buhun?

Mai gaggawa zai nemi kashi 15 cikin ɗari na 46,000, ya sami 6,900, ya ɗebe, ya rubuta 39,100. Wannan kuskure ne, domin ana auna riba a kan kuɗin da aka sayo kaya ne. Kuɗin saye shi ne kashi 100. In aka ɗora riba ya zama kashi 115, watau 46,000 ɗin nan kashi 115 ce. A raba 46,000 gida 115, a sami 400, shi ne kashi ɗaya. A ninka 400 sau 100, a sami naira 40,000. To, mu gwada mu gani. Kashi 15 cikin ɗari na 40,000 shi ne 6,000, in an tara su an sami 46,000 cif. Da an gwada 39,100 haka, da an sami 44,965, nan take a gane an ɓata hanya.

Tambaya ta biyu: Wata mata tana kiwon kaji da awaki. In an ƙidaya kawunansu 30 ne, ƙafafunsu kuwa 84. Kaji nawa ne, awaki nawa?

Nan aljabara take aiki. Mu kira yawan kaji x, yawan awaki kuma y. Kowace dabba kai ɗaya gare ta, saboda haka x + y = 30. Kaza ƙafa biyu, akuya huɗu, saboda haka 2x + 4y = 84. A ninka layin farko sau biyu, ya zama 2x + 2y = 60. A ɗebe shi daga layi na biyu, x ta ɓace, ya rage 2y = 24. Ke nan y = 12, x kuma 18. Gwaji: kaji 18 ƙafa 36, awaki 12 ƙafa 48, jimla 84. Wuyar irin wannan tambaya duk tana wajen mayar da magana zuwa haruffa. Don haka kullum a fara da rubuta abin da x take wakilta, kada a bar shi a ka.

Tambaya ta uku: An jingina tsani mai tsawon mita 6.5 a jikin bango, gindinsa yana nesa da bangon da mita 2.5. Ina tsayin wurin da kan tsanin ya taɓa bango?

Kafin a taɓa lamba ko ɗaya, a zana hoton. Bango da ƙasa da tsani sun yi alwatika, kuma kusurwar da ke tsakanin bango da ƙasa digiri 90 ce. Tsanin shi ne gefe mafi tsawo, don shi ke fuskantar wannan kusurwa. Ƙa'idar Fisagoras ta ce in an ninka gefe mafi tsawo da kansa, abin da aka samu daidai yake da jimlar sauran biyun in kowanne an ninka shi da kansa. To, 6.5 × 6.5 = 42.25, kuma 2.5 × 2.5 = 6.25. A ɗebe, ya rage 36. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 36 ita ce 6, saboda haka amsa mita 6 ce. Wanda bai yi zane ba yakan tara maimakon ya ɗebe, ya sami kusan mita 7. Ashe tsani mai mita 6.5 zai kai mita 7 a jikin bango? Hankali ma ba zai ɗauka ba. Magina da wannan ƙa'ida suke fitar da kusurwar ɗaki, in sun auna 3 da 4 da 5 da igiya.

Tambaya ta huɗu: Mota ta yi tafiyar kilomita 120 tana gudun kilomita 60 a awa, ta komo ta wannan hanya tana gudun kilomita 40 a awa. Mene ne matsakaicin gudunta a tafiyar duka?

Ido yana ganin 60 da 40 sai zuciya ta ce 50. A yi hattara. Matsakaicin gudu shi ne dukan nisa a raba shi da dukan lokaci. Zuwa ya ci awa 2, watau 120 a raba da 60. Komowa ta ci awa 3, watau 120 a raba da 40. Nisa duka kilomita 240, lokaci duka awa 5. A raba, a sami kilomita 48 a awa. Dalilin da ya sa amsar ta kasa 50 shi ne motar ta fi daɗewa a kan hanya tana tafiya a hankali.

Tambaya ta biyar: Tankin ruwa mai siffar ganga, daga tsakiyar bakinsa zuwa gefe santimita 70 ne, tsayinsa kuma mita 2. Lita nawa yake ci? A ɗauki π a matsayin 22/7.

Tarkon da ke nan shi ne an gauraya santimita da mita. A fara mayar da su abu ɗaya: santimita 70 ita ce mita 0.7. Filin gindin tankin shi ne 22/7 × 0.7 × 0.7, wanda ya ba da 1.54. A ninka da tsayi, 1.54 × 2 = 3.08. Wannan awon na akwati ne mai mita ɗaya ta kowane gefe, kuma irin wannan akwati lita 1,000 yake ci. Saboda haka tankin yana cin lita 3,080. Kada a manta a rubuta kalmar lita a gaban lambar, domin tambayar lita ta nema.

In mun duba waɗannan tambayoyi biyar, za mu ga babu wadda ta fi ƙarfin ɗan aji huɗu. Abin da ke kayar da mutane shi ne gaggawa da rashin gwada amsa. Ga shawarar da nake ba mu. A karanta tambaya sau biyu, a ja layi ƙarƙashin abin da ake nema. A yi zane in akwai abin zanawa. A daidaita awo tun farko. In an gama, a mayar da amsa cikin tambayar a ga ko ta zauna. A ɗakin jarrabawa kuma a fara da tambayar da aka fi ganewa. In wata ta cije, a bar mata fili a wuce, a komo mata daga baya.

Game da shiri kuwa, lissafi ba ya shiga kai ta hanyar kallo. Wanda ya buɗe littafi yana bin misalan da aka warware da ido yana gyaɗa kai, ransa zai ba shi ya iya, sai ranar da aka ajiye masa farar takarda. Gara a rufe misalin a yi shi da hannu, sa'an nan a buɗe a kwatanta. Lokacin karatun dare, mutum uku ko huɗu su haɗu su ɗauki tambayoyin shekarun baya, kowa ya yi nasa shi kaɗai, daga nan a musanya takardu a duba wa juna. A ware shafi guda a bayan littafi don tambayoyin da suka gagara, a kai wa malami da safe, bayan mako guda a sake gwada su. Tambaya biyar kowane dare ta zama 150 a cikin kwana 30.

Daga ƙarshe, kada wani ya ce lissafi ba namu ba ne. Kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi aka samo ta, malamin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. A ƙasarmu ma an yi Malam Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Su ba su da na'urar lissafi, mu kuwa ga ta, ga littattafai, ga malamai. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki alƙalami tun daren yau.

Allah ya ba mu sa'a, amin.